Tsadar maganin suga: ƙafa da ido ne ke biyan bashin

Duk mai tura kuɗi gida daga Agege, Sabo ta Ibadan ko Fatakwal ya san lissafi ya canza. A 2023 aka saki naira, kuma a shekarar ce kamfanonin GSK da Sanofi suka sanar da daina sayar da magunguna kai tsaye a Najeriya. Tun daga nan allurar insulin ta zama kayan gabas. A Bolari cikin garin Gombe, dattijo mai ciwon suga sai ya sha magani yau, gobe ya tsallake. In ka bugo waya ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Amma fa jiki na rubuta bashi.

Bashin a ƙananan jijiyoyin jini yake taruwa. Idan mutum ya ji rauni, iskar oksijin kan yi ƙaranci a wurin, sai naman ya fitar da sinadarin VEGF, wanda ke kiran sabbin jijiyoyi su tsiro su kawo jini. Gano yadda jiki ke jin wannan ƙarancin iska ne ya sa Kaelin, Ratcliffe da Semenza suka samu kyautar Nobel a 2019.

Wani bincike da Peter Carmeliet ya jagoranta a Leuven ta ƙasar Beljiyam a 2013 ya ƙara haske. Ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin jijiya suna samun kusan kashi 85 cikin 100 na ƙarfinsu ne daga sarrafa suga ba tare da oksijin ba. Shi ya sa suke iya kutsawa cikin rauni, inda iska ta yi kaɗan. Wato dai suga ne abincinsu.

To amma ko zuma ce, in ta yi yawa illa take. Suga in ya daɗe yana hawa, sai ya gurgunta waɗannan ƙwayoyin, ya kuma raunana kiran da rauni ke yi. Ƙaya ta soki ƙafa, sabbin jijiyoyi ba su zo ba, ciwo ya zama gyambo, wani lokaci har a kai ga yanke ƙafa. A ido kuwa akasin haka ne: jijiyoyi su toshe, VEGF ya yi yawa, wasu marasa ƙwari su tsiro barkatai suna zubar da jini, gani ya tafi.

A watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magunguna. Madalla, sai dai umarni a Abuja daban, farashi a kemis ɗin unguwa daban. Kafin sauƙin ya iso, nauyin na wuyanmu.

Saboda haka in za ka tura kuɗin wata, ware na magani daban, kada a haɗa shi da na cefane. A bincika shiga tsarin inshorar lafiya na GoHealth. A sa wani yaro a gida ya riƙa duba tafin ƙafar Baba kullum, domin mai suga kan taka ƙusa bai ji ba. A kai shi gwajin ido sau ɗaya a shekara, ko da bai yi ƙorafi ba. Ciwon ƙafa kuwa in ya ƙi warkewa, a bar shafe-shafe a nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe.

Kuɗin maganin wata ɗaya da ciwo, amma bai kai kuɗin tiyata ba. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya.