SHA'ANIN KASUWA: Littafin Ciniki Shi Ne Garkuwar Ɗan Kasuwa

Tun daga shekarar 1927, sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta Fatakwal ta iso Kafanchan, garin ya zama mahaɗar fatake. Citta daga Kwoi da Kachia da Kagarko, doya da masara daga ƙauyukan Jema'a, da kayan kanti daga Jos da Kaduna, duk a nan suke haɗuwa. Saboda haka duk wata doka da ta taɓa saye da sayarwa, lalle ta taɓa tukunyar mutanen wannan yanki. A wannan mako za mu duba sabuwar dokar harajin kayayyaki, wanda aka fi sani da VAT, da irin shirin da ya kamata ɗan kasuwa ya yi mata.

Wannan haraji ba baƙo ba ne. A shekarar 1986 Gwamnatin Mulkin Soja ta kafa harajin sayar da kaya, daga baya dokar soja mai lamba 102 ta 1993 ta maye gurbinsa da VAT, aka fara karɓa a 1994 bisa kashi 5 cikin 100. A watan Fabrairu na 2020 aka ɗaga shi zuwa kashi 7 da rabi. Ran 26 ga watan Yuni na 2025 kuma Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 ranar fara aiki da su. Kashi 7 da rabi yana nan yadda yake, amma ƙa'idojin da ke kewaye da shi sun sake, har ma hukumar da ke karɓarsa, watau FIRS, ta koma NRS.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, kuɗin VAT ba na ɗan kasuwa ba ne. Mai saye ne ke biya, ɗan kasuwa kuwa amana aka ba shi ya miƙa wa hukuma. Ga misali: mai sayar da kayan gini ya sari kaya na Naira 100,000, ya biya harajin Naira 7,500 a kai. Ya sayar da su Naira 120,000, ya karɓi harajin Naira 9,000. Abin da zai kai wa hukuma Naira 1,500 ne kaɗai, domin za a cire masa abin da ya riga ya biya wajen sari. Amma fa sai in yana da rasiɗin da ya nuna harajin nan a rubuce. In babu, sai ya biya Naira 9,000 cif, watau ya yi asarar Naira 7,500 daga cikin ribarsa ta Naira 20,000 saboda rashin takarda guda.

A ƙarƙashin sabuwar dokar darajar rasiɗi ta ƙaru. A da, harajin da aka biya a kan hajar sayarwa ko kayan sarrafawa ne kawai ake cirewa. Yanzu har wanda aka biya a kan injuna da ayyukan da aka yi wa kasuwancin ana iya cirewa. Bugu da ƙari, an sa kayan abinci na yau da kullum da magunguna da littattafan makaranta a cikin rukunin da harajinsu sifiri ne, kamar yadda yake ga kayan da ake fitarwa ƙasashen waje. Wanda ke wannan rukuni ba ya ɗora wa mai saye ko kwabo, amma yana da ikon neman a mayar masa da harajin da ya biya wajen gudanar da sana'ar. Wannan magana ta shafi masu fitar da citta ƙwarai, musamman da yake har yanzu ba a manta da cutar da ta cinye gonakin citta a 2023 ba. Wanda ya yi irin wannan asara bai kamata ya bar haƙƙinsa a hannun hukuma don sakaci ba.

Ƙananan 'yan kasuwa fa? Tun 2020 aka ɗauke wa wanda cinikinsa na shekara bai kai Naira miliyan 25 ba nauyin karɓar VAT, sabuwar doka kuwa ta ɗaga iyakar zuwa miliyan 100. Yawancin masu shaguna da masu tebur a kasuwar Kafanchan suna ƙarƙashin wannan iyaka. Sai dai kada wannan ya sa kowa ya saki jiki. Ranar da ma'aikacin haraji ya zo ya ce cinikinka ya wuce iyaka, da me za ka musa masa? Rantsuwa ba ta tsayawa a gaban hukuma, littafi ke tsayawa. Ga shi kuma tsadar kaya tana kumbura ciniki ko da riba ba ta ƙaru ba, har mai sayar da siminti ko taki ya haye iyakar bai sani ba.

Shirin da muke ba da shawara ba mai wuya ba ne. A mallaki lambar shaidar biyan haraji, domin kamfani ko ma'aikatar gwamnati da ta ba wanda ba shi da ita kwangila za ta fuskanci tara, don haka ba za su saya a hannunsa ba. A raba asusun kasuwanci da na cefanen gida. A rubuta cinikin kowace rana, a ware kayan da ke da haraji daga waɗanda ba su da shi. A nemi rasiɗi a kowane sari, a adana shi. Wanda ke karɓar VAT ya keɓe kuɗin a gefe, ya miƙa bayanin kowane wata kafin ran 21 ga watan da ke biye ta wuce, domin jinkiri yana da tara. Kada kuma wanda doka ta ɗauke wa wannan nauyi ya riƙa ƙara wa jama'a kuɗi da sunan VAT yana sawa a aljihu, wannan zalunci ne.

Akwai aiki a gaban ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Ba kowa ke iya ɗaukar akanta shi kaɗai ba, amma mutum ashirin suna iya haɗa kuɗi su ɗauki ɗaya, su kuma gayyaci ma'aikatan hukuma su zo su yi bayani da harshen da kowa ke ji. Manyan kamfanoni sun riga sun fara ba da rasiɗi ta na'ura mai haɗe da ofishin haraji, alamar cewa zamanin ciniki da ka ya kusa wucewa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan kasuwar da littafinsa ke daidai, ba jami'in da zai tsorata shi, ba kuma ɗan damfarar da zai karɓe masa kuɗi da sunan haraji.