WAƘAR "INA SO": WA KE KOYA WA YARO ABIN DA ZAI SO?

A wannan wata za mu leƙa wani darasi ne da ake koyarwa a makarantun Amurka, wanda 'ya'yan itacensa suka daɗe da shigowa ɗakunanmu ta akwatin talabijin da wayar hannu, mu kuwa muna ta barci.

Turawa suna da wani nau'in wasan kwaikwayo da ake haɗa shi da waƙa da kiɗa, cibiyarsa tana unguwar Burodwe a birnin Niyok. A cikin wannan sana'a akwai wata waƙa da suke kira waƙar "Ina So". Ƙa'idarta ita ce, tun wasa bai yi nisa ba, galibi a waƙa ta biyu ko ta uku, sai a bar jarumi shi kaɗai a dandali ya rera abin da zuciyarsa ke muradi. Wani shugaban makaɗa mai suna Lehman Engel, wanda ya buɗe ajin koyar da rubuta irin waɗannan waƙoƙi a Niyok a 1961, shi ake yawan danganta wa wannan suna. Daga cikin waɗanda suka zauna a wannan aji akwai Alan Menken, wanda daga baya ya tsara kiɗan finafinan zane na kamfanin Disney. A 2016 kuma hukumar gwamnatin Amurka mai tallafa wa fasaha ta fara gasar rubuta waƙoƙin wasan kwaikwayo ga ɗaliban sakandare. Wato abin ya tashi daga hannun ƙwararru ya koma aikin aji.

Yadda ake koyar da shi babu wuya. A ce wa ɗalibi ya zaɓi jarumi, ko ya ɗauki kansa. Me yake so? Me ya tare masa hanya? Kada ya ce "ina son jin daɗi" kawai, ya ambaci abu takamaimai wanda ido zai gani. Sannan ya sa amshi mai maimaituwa, murya ta riƙa hawa har ta kai ƙololuwa a daidai kalmar buri. Ta fuskar sana'a wannan koyarwa ce mai kyau, kuma ba za mu yi musu ba. Masu kare darasin suna cewa yana buɗe bakin yaro mai kunya, yana koya masa fayyace abin da ke ransa. Mun ji, mun kuma yarda da wannan gwargwado. Maganar hukuncin kayan kiɗa kuwa malamai sun yi ta, ba ita ta kawo mu yau ba.

Abin da ya kawo mu shi ne tambayar da aka cire daga darasin. An tambayi yaro me yake so, an tambaye shi me ya hana shi, amma babu inda aka tambaye shi ko abin ya cancanci a so shi. Kuma ba mantuwa aka yi ba, domin kuwa aikin waƙar ke nan. Howard Ashman, marubucin waƙoƙin fim ɗin 'yar ruwa, The Little Mermaid na 1989, ya bayyana wa ma'aikatan Disney da bakinsa cewa amfanin wannan waƙa shi ne 'yan kallo su kamu da son jaruma, su goya mata baya har ƙarshen wasa. To, jama'a, ku lura da kyau. Ana ɗaure zuciyar mai kallo da daɗin murya tun hankalinsa bai auna buƙatar ba. Daga nan duk wanda ya ce wa jaruma "dakata" ya zama abokin gaba, ko da kuwa mahaifinta ne.

Ku dubi wannan fim ɗin da kansa. Asalinsa tatsuniya ce da wani marubucin ƙasar Danmak, Hans Christian Andersen, ya wallafa a 1837. A can, 'yar ruwan tana son ɗan sarki, gaskiya ne, amma abin da ya fi ci mata rai shi ne an gaya mata jinsinta suna rayuwa shekara 300 sannan su zama kumfar teku, ba su da ruhi mai wanzuwa irin na ɗan Adam. Wannan ruhi take nema. Ɗan sarkin ma wata ya aura, ita kuma da aka ba ta wuƙa ta kashe shi domin ta tsira, sai ta ƙi. Aƙidar labarin ba tamu ba ce, amma ko makaho ya shafa ya san tunanin lahira ne ƙashin bayansa. Da Disney suka ɗauko shi sai suka zubar da maganar ruhi gaba ɗaya. Aka bar yarinya 'yar shekara 16 a cikin kogo cike da tarkacen mutane da ta tara, tana rera cewa ba su ishe ta ba. Ta saɓa wa uba, ta jinginar da muryarta ga mayya, a ƙarshe uban ne ya sauko ya ba ta abin da take so. Subhanallah! Irin wannan waƙa ce ake ɗora wa ɗalibai a matsayin abin koyi.

Kada wani ya ce ai sana'ar ce ba ta ɗaukar buri mai nauyi. A wasan Fiddler on the Roof na 1964 akwai wani matalaucin Bayahude mai sayar da madara a wani ƙauyen Rasha, uban 'ya'ya mata biyar, wanda ya rera abin da zai yi da zai samu dukiya. Ya lissafa babban gida da kaji da girmamawar mutane, amma inda ya kai ƙarshen burinsa shi ne ya samu sararin zama a wurin ibadarsu, yana addu'a yana tattauna littattafai da malamai. Ashe ana iyawa! Zaɓi ne kawai ake yi, kuma an fi zaɓar burin da ke sayar da tikiti da 'yar tsana.

Sai dai mu ma akwai magana a kanmu. Uba nawa ne a cikinmu ya taɓa zaunar da 'yarsa ya tambaye ta abin da take fatan zama? Bature ya tambaya, ya sa wa amsar kiɗa. Idan abin da muka iya shi ne tsawa kawai, yaro zai kai sirrinsa wurin mai saurarensa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙe ta ilmantar da matan karkara ta hannun jajis ɗin 'Yan Taru, saboda ta san baiti yana zama a zuciya fiye da zance. Mu ne muka yi sakaci da wannan makami.

Saboda haka malaman Islamiyyunmu su sa ɗalibai su rubuta baitoci a kan burinsu, su kuma ari ƙa'idar ambaton abu takamaimai, domin tana da amfani. Amma su ƙara baitin da Burodwe ta tsallake: wa zai amfana idan na samu, kuma haƙƙin wa zan taka a hanya? Iyaye kuma, duk ranar da makaranta ta aiko da takardar neman kuɗin kayan wasan ƙarshen shekara, ku nemi a ba ku rubutattun kalmomin da yaranku za su rera, ku karanta su kafin ku sa hannu a aljihu.