Talabijin da Kunya: Ina Matsalar Take?

Mai karatu, wataƙila ka taɓa jin wannan gardama a gidanku. A nan Kagara na sha jin ta, a majalisar dattawa bayan sallar La'asar da kuma a ɗakin malamai. Wasu na cewa talabijin ƙofar shaiɗan ce, gidan da ta shiga kunya ta fita. Wasu kuma na cewa akwati ne kawai, abin da ka zuba masa shi zai nuna maka. Ni ban gamsu da ko ɗaya daga cikin maganganun nan biyu ba.

Gardamar ba sabuwa ba ce. An buɗe tashar talabijin ta farko a Nijeriya a Ibadan a 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962. Iyayenmu sun yi dariyar wasan Samanja, ba wanda ya ce sun bar addini. Hayaniya ta tashi ne bayan finafinan bidiyo na Hausa sun bazu, tun daga Turmin Danya a 1990, musamman da aka cika su da rawa da waƙa tsakanin namiji da mace, irin na finafinan Indiya. Da jihohin Arewa, har da tamu Neja, suka ƙaddamar da Shari'a a 2000, sai Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. A 2016 gwamnatin tarayya ta fasa gina ƙauyen shirya finafinai a jihar Kano saboda adawar malamai.

Kada ka yi saurin cewa malaman nan sun tsananta. Alƙur'ani ya umarci muminai maza da mata su runtse idanunsu, kuma hadisi ya nuna cewa kunya reshe ce ta imani. Uban da ya ga 'yarsa tana kwaikwayon rawar da ba za ta iya yi a gaban kakarta ba yana da dalilin damuwa. Masu cewa akwati ne kawai sun manta da cewa ba mai kallo ne ke shirya abin da ke ciki ba. Wasu ne can suke shiryawa, kuma da yawansu kuɗi suke nema, ba tarbiyyar ɗanka ba.

Amma akwatin nan shi ne ke kawo mana tafsiri a watan azumi. Da shi tsohuwar da ba ta taɓa wuce Tegina ba take ganin masu ɗawafi a Makka kai tsaye. Akwai tashoshin wa'azi zalla, kamar Sunnah TV. Ga kuma Arewa24, wadda wasanta na Daɗin Kowa ya taɓo zaman aure da shaye-shaye da almajiranci. A matsayina na malamin harshe, na ga ɗalibai Kamukawa da Gwarawa waɗanda karin maganar da na kasa cusa musu a aji suka tsince ta a irin waɗannan wasanni. Wannan ya ɗan taɓa mini zuciya, amma gaskiya ce.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake kallon. Lokacin da muke yara, talabijin ɗaya ce a unguwa, kuma a gaban manya ake kunna ta. Idan wani abu marar kyau ya gifta, sai ka ji dattijo ya yi gyaran murya, yara su sunkuyar da kai, a canza tasha. Wannan gyaran murya ya fi kowace hukumar tace finafinai aiki. Wani maƙwabcina ya sayar da talabijin ɗinsa don ya tsare tarbiyyar 'ya'yansa. Bayan 'yan watanni ya gano cewa babban ɗan yana kwana da wayar abokinsa ƙarƙashin bargo, yana kallon TikTok har asuba. Da can suna kallo tare a falo. Yanzu yaron shi kaɗai ne, babu idon kowa a kansa.

Sai kuma lokaci. Wasan ƙwallon Ingila halal ne a kalla, amma sau da yawa yakan faɗo daidai Magariba. Na san wani mai gidan kallo da yake kashe janareta da zarar ladan ya kira salla, ko da ana shirin bugun fenareti. Samari sun yi ta gunaguni, wasu suka koma wani gidan. Bai fasa ba.

Saboda haka, idan an kawo wannan muhawara a ajinku, ni ina tare da masu cewa a bar talabijin a falo, a sa ta inda uwa da uba suke zama, a kashe ta idan an kira salla. Kai kuma, kafin ka ɗaga hannu ka yi magana, ka tuna da abin da ka kalla a waya daren jiya, ka tambayi kanka ko za ka iya sake kunna shi mahaifiyarka tana zaune kusa da kai.