Gyara Kayanka: In Baƙin Mai Ya Koma Kamar Shayi da Madara

Masu karatu, a wannan wata za mu bar zancen gona, mu duba wata cuta mai kama injin mota da damina, wato shigar ruwa cikin baƙin mai. Maigida ya zaro sandar awon mai da safe, sai ya ga abu fari-fari kamar shayi da madara, ya kuma haura layin da ya saba tsayawa. Mai ba ya ƙaruwa da kansa. Wani abu ne ya shiga.

Ruwan ƙasar Daura bai kai na Zariya yawa ba, amma yakan zo a haɗe, musamman a watan Agusta. Kafin nan mota ta sha wata bakwai ko takwas na hunturu da bazara, duk robar da take jikin injin ta bushe ta tsage. Ta nan ruwa yake samun ƙofa: robar murfin zuba mai, da ta bakin sandar awo, da ɗan tiyon da injin yake numfashi da shi. Masu wankin mota da suke feshe injin da ruwa mai ƙarfi su ma suna da nasu laifin.

Babbar ƙofa kuwa ita ce hanyar iska. Akwai motocin Kwatano da samari suke so, irin Marsandi C180 da C200 masu rubutun Kompressor a baya, waɗanda aka ƙera tsakanin 2000 da 2007. Wannan kalma tana nufin akwai wani famfo da bel yake juyawa, mai ɗura wa injin iska fiye da yadda zai shaƙa da kansa. Manyan motocin gas na zamani masu tabo su ma haka suke, sai dai nasu hayaƙi ne yake juya shi. Irin wannan mota tana da tiyo da yawa, abin sanyaya iskarta yana can ƙasa bayan bamba, ita kanta kuma gajeriya ce. An yi ta don kwaltar Jamus, ba don kwazazzaban ƙauyukan Baure da Zango ba. In direba ya faɗa kududdufi da gudu, ruwa ya taso gaban mota, famfon nan ba ya bambanta ruwa da iska. Kaɗan ne, ya bi gefen fistin ya sauka cikin mai. In da yawa ne, fistin ya taso ya tarar da abin da ba ya matsuwa, ƙarfen da yake riƙe da shi ya lanƙwashe.

Saboda haka in mota ta mutu a tsakiyar ruwa, kada a sake murɗa makulli, ko da mara lafiya aka ɗauko. A tura ta tudu, a nemi wata motar. A buɗe gidan iyakilina, in takardar ta jiƙe, to, bakanike ya cire filogi duka ya juya injin ruwan ya fita tukuna.

Amma fa ba kowane ruwa ne na sama ba, nan ne kuma kuɗin iyali yake salwanta. Wani ya ɗora wa damina laifi ya yi ta sauya mai, alhali gaskit ne ya ƙone. Wani kuma bakanike ya ce masa sai an sauke kan injin, alhali robar murfi ce kawai. Mu dai shawararmu, a fara tambayar lagireto. In injin ya huce a duba ruwansa, a sa alama, a sake dubawa bayan kwana biyu. In yana raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba, ko ana ganin maiƙo a samansa, ko farin hayaƙi bai daina fita ba bayan injin ya yi zafi, ruwan na cikin gida ne. Sai a binciki gaskit, da abin sanyaya mai a injin da yake da shi. In ruwan lagireto yana nan daram, daga waje ɓarawon ya shigo.

Akwai na uku, mai sauƙi. Motar da ba ta wuce gida zuwa kasuwa ba ta yin zafin da zai kore raɓar cikinta, sai a ga farin kumfa a ƙarƙashin murfi kaɗai, sandar awo kuwa lafiya lau. Tafiya ɗaya zuwa Katsina ko Kazaure takan share shi.

Ga gwaji biyu da ba sa cin ko kwabo. A ɗiga man a kan marfin gwangwani mai zafi: mai tsabta hayaƙi kawai zai yi, mai ruwa zai yi ta tartsatsi kamar an jefa ƙosai a kasko. Ko kuwa a bar mota ta kwana, a sassauta noti na ƙasa a hankali. Ruwa ya fi mai nauyi, shi zai fara ɗigowa.

In an tabbata na sama ne, a toshe ƙofar da ya bi, a zubar da man, a sauya filta. A yi 'yar tafiya har injin ya yi zafi sosai, a sake sauya su karo na biyu, gama na farko ba ya kwashe ruwan duka. Mun san kuɗin mai sau biyu da nauyi, amma bai kama ƙafar kuɗin sabon injin ba. Masu injin niƙa da injin ban ruwa a bakin madatsar Sabke da ta Daberam, ku ma ku duba naku, ku kuma kifa gwangwani a bakin salansa duk daren da hadari ya haɗo.