Ra'ayinmu: A Duba Fomula, Ba Amsa Kaɗai Ba

Duk wanda ya zauna ajin lissafi ya san dokar Malam: amsa ba tare da aiki ba, rabin maki ne ko ma babu. To, me ya sa idan muka shiga ɗakin kwamfuta sai dokar ta ɓace?

Ga abin da ke faruwa. An ba mu aikin haɗa makin ɗalibi a darussa biyar a manhajar Excel: 62, 70, 55, 81 da 79. Ɗaliba ta farko ta rubuta =SUM(B2:F2), kwamfuta ta ba ta 347. Na kusa da ita ya leƙa, ko ya danna kalkuleta, ya rubuta 347 da hannu. Da firinta ta fitar da takardun, ba ka iya bambanta su. Kowa ya samu maki goma. Ita ta koyi aikin, shi kuwa lamba kawai ya kwafa.

Wannan ba adalci ba ne, kuma cutarwa ce ga shi kansa mai kwafar. Amfanin Excel shi ne idan aka gyara 55 ta koma 65, jimilla ta koma 357 da kanta. Lambar da aka rubuta da hannu tana nan daram, ta zama ƙarya. Ranar da ya samu aiki a ofis ko shagon magani, wa zai leƙa?

Maganin bai fi danna maɓalli biyu ba. A riƙe Ctrl, a danna maɓallin da ke ƙarƙashin Esc, ko a shiga Formulas a zaɓi Show Formulas. Nan take kowane gida zai nuna abin da aka rubuta a cikinsa maimakon amsa. Kafin a buga, a shiga Page Layout a kunna buga layuka da haruffan sama da lambobin gefe, domin Malam ya san ina ne B2, ina ne F2. Gani ya kori ji.

Ba kama mai satar amsa kaɗai wannan zai yi ba. Zai taimaki wanda ya yi ƙoƙari ya kuskure. Ɗalibin da ya rubuta =SUM(B2:E2) zai samu 268. A takardar amsa, jan biro kawai zai gani. A takardar fomula kuwa, Malama za ta gane ya fahimci darasin, darasi ɗaya ne ya bari a waje. Sai ta ba shi wani abu daga makin, ta nuna masa inda ya zame.

Mun san abin da za a ce: takarda da tawada kuɗi ne, man janareta ma haka. Gaskiya ne. Mun kuma san cewa idan aka nuna fomula gidajen suna faɗaɗa, aikin ya tsallaka shafi na biyu. Amma ana iya kwantar da takardar a kwance, a umarci manhajar ta matse komai a shafi ɗaya, a buga amsa a gaba, fomula a baya. Takarda ɗaya ce dai. Ranar da babu tawada, kowa ya adana shafin fomularsa a matsayin PDF da sunansa da ajinsa, Malam ya duba daga baya.

Muna roƙon malamanmu na kwamfuta, cikin girmamawa, su fara wannan tun daga gwajin da ke tafe, kuma su faɗa mana tun farko maki nawa ne na fomula, nawa ne na amsa.

Mu kuma 'yan'uwa ɗalibai, kada mu jira sai an tilasta mana. Kafin ka miƙa aikinka, danna maɓallan nan biyu ka duba da kanka. Idan ka ga lamba zalla a inda ya kamata a ga alamar = a farko, to ka koma kujerarka, aiki bai ƙare ba.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta