Karen da Ke Shinshina Jakarka a Filin Jirgi



Duk wanda harkar kasuwa ta kai shi filin jirgin Ingila, da wuya bai ga wani ɗan kare mai faffaɗan kunnuwa masu reto ba, jikinsa fari da dabbare-dabbaren baƙi ko ruwan ƙasa, yana bin jakunkuna yana kaɗa wutsiya. Shi ne Turawa ke kira sifiringa sifaniyel. Yau a kansa za mu tattauna, domin ta hanya biyu yake shafarmu. Muna haɗuwa da shi a gaban 'yan kwastan, sannan yaranmu da ke ganinsa a waya sun fara cewa, "Baba, a sayo mana irinsa."

Asalinsa karen farauta ne na Ingila, amma farautarsa daban take da tamu. Karen maharbanmu, ko dogon karen nan na Buzaye da ake kira Azawak, da ido da gudu yake aiki: ya hango zomo ko barewa, ya bi har ya kama. Sifiringa da hanci yake aiki, kuma ba kamawa ce sana'arsa ba. Yana tafe gaban maharbi, yana kai-komo dama da hagu cikin ciyawa da ƙaya, ba ya nisan da harbi ba zai kai ba. In ya ji ƙanshin tsuntsu a ɓoye, irin su makwarwar Turai, sai ya auka ya tayar da shi sama. Daga wannan tayarwa aka samo sunansa. Wanda aka hora da kyau, tsuntsu na tashi zai zauna cak, sai an yi harbi an ba shi umarni ya je ya ɗauko, ko cikin ruwa ne, ya kawo ba tare da ya tauna naman ba. Kafin bindiga ta yawaita, da shaho da raga ake haɗa shi aiki.

A da, uwa ɗaya kan haifi manya da ƙanana, a ware ƙananan a kira su koka, manyan kuma sifiringa. Sai a 1902 ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Birtaniya, Kennel Club, ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa wajen santimita 50 ne, nauyinsa tsakanin kilo 18 zuwa 25, kuma yakan rayu shekara 12 zuwa 14. Yau ya rabu gida biyu: na daji mai gajeren gashi da zafin nama, da na kwalliya mai dogon gashi da dogayen kunnuwa, wanda ake kaiwa gasa.

To, wannan hanci da wannan rashin gajiya su suka sama masa aikin gwamnati. 'Yan sanda da sojoji da kwastan na horar da shi ya gano miyagun ƙwayoyi, da nakiya, da taba ta fasa-ƙwauri, har da takardun kuɗi. Ga shi ƙarami, yana kutsawa tsakanin kaya cikin kwantena, kuma fuskarsa ba ta tsorata matafiya. A 2003 wani mai suna Buster ya gano makaman da aka ɓoye a garin Safwan na Iraƙi, aka ba shi lambar yabo ta Dickin, wadda ake ba dabbobin da suka yi bajinta a yaƙi.

Nan ne nake so mu buɗe kunne. Mu fatake an san mu da kunya da zumunci. Mutum zai tare ka ya ce, "Alhaji, don Allah ga ɗan saƙo ka miƙa wa ƙanina," ka karɓa ba ka buɗe ba. Shi wannan kare bai san Alhaji ba, bai san zumunci ba. In ya tsaya kan jakarka, kai za ka yi bayani, mai saƙo kuwa yana gidansa yana barci. Duk saƙon da ba a buɗe a gabanka ba, ka ba da haƙuri. In kana ɗauke da kuɗi masu yawa, ka bincika iyakar da dokar ƙasar ta sa, ka bayyana su da bakinka kafin hanci ya bayyana su. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowa ce aiki.

Sai maganar ajiye shi a gida. Gaskiya yana da daɗin zama. Yana son mutane, yana haƙuri da yara, ga saurin koyo. Shugaban Amurka George Bush babba ya zauna da wata mai suna Millie a fadar White House, har ta haihu a can a 1989. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, don haka ga abin da za ka tarar.

Na farko, ba karen gadi ba ne. Zai yi haushi, amma halinsa na maraba da baƙo ne. Wanda ke neman mai tsaron sito a Kumasi ko Duwala ya nemi wani.

Na biyu, yana buƙatar wajen awa biyu na gudu da wasa kowace rana. Mu da ke fita shago da asuba mu dawo bayan isha'i, ko mu yi mako uku kan hanyar Kwatano, wa zai yi wannan? In aka kulle shi a tsakar gidan haya, sai kuka da tona ƙasa da tauna takalma, ƙarshe a ɓata da maƙwabta. Ɗawainiyar kuma kan uwargida za ta faɗa, ita da ba a shawarce ta ba.

Na uku, jikinsa na ƙasar sanyi ne. Gashinsa rufi biyu ne, zafin Injamena ko na Garwa azaba ne gare shi. Kunnuwan nan masu kyau suna rufe iska, danshi ya taru ciki su ruɓe, sai ana dubawa ana gogewa duk mako. Ga kaska, ga allurar rigakafin ciwon haukan kare wadda ba a wasa da ita a gidan da ke da yara, ga abinci da kuɗin likitan dabbobi na shekara goma sha.

Na huɗu, yawancinmu Musulmi ne. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa an yarda a ajiye kare don farauta ko tsaron dabbobi da gona, amma ajiye shi don sha'awa kawai akwai magana a kai. Kafin ka je wurin mai sayarwa, ka biya ta wurin malamin unguwa. Kuma duk dabbar da ta shigo hannunka amana ce, cinta da shanta da lafiyarta na wuyanka.

Ra'ayina shi ne, wanda ke da gona ko fili, yake fita daji, yake da lokaci da halin kula da shi, zai sami abokin aiki na gari. Wanda ke cikin lungun zango, ya zaunar da yaran ya yi musu lissafin nan dalla-dalla. Yaro na gane magana in an yi masa ita da hujja. In son dabba ne ke damunsu, a fara musu da zomo ko tantabara, a ga ko za su riƙe ba su ruwa da abinci wata uku ba a tuna musu ba.

Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a kasuwa. Sai mako mai zuwa.