Wa Ke Da Gonakin Wagini?

Tun da aka shiga maganar sulhu a yammacin Katsina, kowa bakinsa ɗaya: a ajiye bindiga, manomi ya koma gona. Madalla, ba mai hankalin da zai ƙi wannan. Amma akwai tambayar da na kasa kunne ban ji an yi ba, ko a rediyo ko a bakin masu manyan riguna, ita ce kuwa ta sa na ɗauki alƙalami. In mutumin ƙauyukan Wagini, ko na Ruma, ko na Runka, ya koma gonar da ya gudu ya bari shekara biyar ko shida, ya iske wani a ciki, ko ya iske an kafa allo wai gwamnati za ta yi aikin raya ƙasa a wurin, da me zai nuna cewa tasa ce?

Ga wanda bai san wurin ba, Wagini tana cikin ƙaramar hukumar Batsari, a gefen Dajin Rugu, dajin da ya miƙe ta Batsari da Safana har ya haɗe da dazuzzukan Zamfara. Abin da mutanen wannan yanki suka gani ba sai na tsaya dogon bayani ba. A watan Mayu na 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yar Gamji, har 'yan'uwansu suka ɗauko gawawwakin suka kawo birnin Katsina don mahukunta su gani da idonsu. A Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Daga nan ƙauyuka da yawa suka watse, wasu mutanen suka tare a garin Batsari, wasu Katsina, wasu suka tsallaka Nijar. Gonakin da ke nesa da gari suka zama saura. Waɗanda suka daure suka tsaya kuwa, da yawansu sai sun biya 'yan bindiga kafin su yi shuka ko su yi girbi a gonar ubansu.

To, mai karatu, ka san yadda talakan ƙauye ke riƙe da gona. Ba shi da takarda. Gonarsa ta gado ce, ko saye, ko aro, ko jingina, kuma duk an yi su ne da baki a gaban mai unguwa da dattawa biyu ko uku. Iyakarsa layin gamba ne, ko wani gawo, ko kuka, ko suri. Takardar shedarsa ita ce ƙwaƙwalwar maƙwabcinsa. Wannan tsari ya yi wa kakanninmu aiki domin kowa na zaune wuri ɗaya, kowa ya san kowa. Yanzu fa? Gamba ta ƙone ko ta bazu ta rufe iyaka. Gawon an sare an yi gawayi. Dattijon da aka yi cinikin a gabansa ya rasu a gudun hijira, maƙwabcin kuma ba wanda ya san garin da ya faɗa. Wanda yunwa ta sa ya jinginar da fadamarsa a kan buhun gero biyu yana zaune a wani kango a Batsari, wa zai tsaya masa ran da mai kuɗin ya ce ai sayarwa aka yi?

Malamanmu na shari'a za su ce akwai kariya. Gaskiya ne. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, in baƙo ya riƙe gona shekara goma mai ita yana nan yana kallo bai yi magana ba, to hauzi ya tabbata, ƙararsa ta faɗi. Amma wanda ba ya nan, ko wanda tsoro ya rufe wa baki, yana da uzuri, hauzi bai hau kansa ba. Hukunci mai kyau. Sai dai alƙali da shedu yake aiki, shedun nan kuwa su ne na ce sun watse. Kuma a lura, wanda ya gudu a 2019 saura ƙiris shekara goman ta cika. Ina tabbatar muku akwai masu lissafin shekarun nan da yatsunsu.

Wannan duk rigimar talaka da talaka ce, ko talaka da attajirin gari. Babbar damuwata tana wajen hukuma. Tun 1910 Turawan mulkin mallaka suka yi dokar da ta ce duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna. Muka sami mulkin kai, aka sake mata riga a 1962. Sannan a ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa Dokar Amfani Da Ƙasa, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, wai amana. Don kada farar hula su taɓa ta, aka cusa ta cikin tsarin mulkin 1979, aka maimaita a na 1999. A ƙarƙashin dokar nan manomi ba shi da ƙasa, iznin zama kurum gare shi. Gwamna na iya soke iznin in ya ce amfanin jama'a ya buƙata. In an soke, diyyar da ake biya ta abin da ke bisa ƙasar ce: gini, itatuwa, amfanin gona. Ku tsaya ku auna wannan da halin mutumin da ya bar gonarsa shekara shida. Bukkarsa an ƙone, rumbunsa an ƙone, ba shuka a ƙasa. In ma'auni ya zo da littafinsa, me zai rubuta? Fili ne fetal, diyyarsa kusan babu. Wato ɓarnar da ɗan bindiga ya yi ita ce za ta rage wa gwamnati kuɗin diyya! Dokar ma har cewa ta yi kotu ba ta da hurumin duba ko kuɗin da aka biya ya isa.

Ba gwamna kaɗai ba. Dokar ta ba ƙaramar hukuma ikon ba mutum ɗaya fili har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, ba tare da ta nemi yardar gwamna ba. Hekta 500 gonakin ƙauye guda ne sukutum. Ta kuma ce a kafa kwamitin ba da shawara kan rabon ƙasa a kowace ƙaramar hukuma. Ina ƙalubalantar duk ɗalibin da ya fito daga Batsari ko Safana, ya faɗa mini sunan mutum ɗaya da ke cikin wannan kwamiti a garinsu, ko ya ce ya taɓa ganin an liƙa jerin filayen da aka raba a bangon sakatariya.

Kada wani ya ɗauka manomi kawai nake yi wa kuka. Bafulatanin da bai taɓa riƙe bindiga ba, wanda shi ma aka kore masa shanu, matsalarsa ɗaya da ta manomin. Dajin Ruma da Kukar Jangarai yana cikin wuraren farko da aka keɓe don kiwo a Arewa, aka yi masa madatsun ruwa da taimakon Amurka a shekarun 1960, kuma a 1965 gwamnatin Sardauna ta yi dokar makiyayu. A Nijeriya an ware makiyayu sama da 400, amma waɗanda aka tabbatar a gazet ba su kai rabi ba. Sauran suna nan da suna kawai. Shekara da shekaru ana yankar daji ana ba masu hali, gonaki suna cinye burtali, ana toshe mashaya, ba wanda ya ga taswira balle ya ce an ƙetare iyaka. Ban ce wannan ya halatta jinin kowa ba; mai kisa mai kisa ne. Amma wanda ya ce wutar nan ba ta da alaƙa da rabon ƙasa a ɓoye, ko dai bai san yankin ba ko kuwa yana cikin waɗanda suka ci rabon.

Yanzu kuma ga shirye-shiryen raya ƙasa suna tururuwa, kowanne da sunansa mai daɗi. Akwai shirin dashen itatuwa don tare hamada, wanda Katsina ke cikin jihohi 11 da ya shafa. Akwai shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta gaji, wanda Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 dominsa a 2021. A 2024 an kafa ma'aikatar kula da dabbobi ta tarayya, ana ta batun wuraren kiwo na zamani. Ba na gāba da ko ɗaya. Ƙasarmu ta gaji, daji ya ƙare, dole a yi wani abu. Amma kowane ɗayansu fili yake bukata, kuma filin da ya fi sauƙin ɗauka shi ne wanda masu shi ba sa nan. Jami'in da ya duba hoton tauraron ɗan Adam daga ofis zai ga ciyawa da ƙaya, ya rubuta cewa ba kowa. Hoton ba zai nuna masa cewa wannan saurar gadon marayu bakwai ba ce.

Mun taɓa ganin irin wannan. Madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara ita ma da sunan raya ƙasa aka gina ta. Aka tashi dubban manoma, aka yi ta wasa da diyyarsu, aka ba wasu filin da ba ya nomuwa. Da suka tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙinsu, a watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Su manoman Bakolori ma suna zaune a gonakinsu aka yi musu haka. Ina ga wanda ba ya nan?

Na san amsar da za a ba ni: sha'anin tsaro sirri ne, ba a baza shi a kasuwa. Na yarda, kada a faɗa mana inda soja zai kwana. Amma iyakar daji ba sirrin soja ba ce. Gwamnatin Masari ta yi sulhu a 2017, ta sake yi a 2019, duka suka rushe. A 2025 aka yi zaman sulhu a Batsari da Safana da Jibiya da wasu ƙananan hukumomi, gwamnatin jiha ta ce al'umma ce ta shirya abinta. To, in al'umma ce, sai a karanta wa al'umma abin da aka ƙulla. An yi maganar wanda zai zauna a ina? An yi alkawarin wani yanki na daji ga wani? Kufan ƙauyukan da aka tasa, na masu su ne har yanzu ko sun shiga cikin ciniki? In ba a yi irin wannan alkawari ba, faɗin haka a rubuce ba zai ci wa kowa kome ba.

Abin da nake nema ba sabo ba ne. Lokacin da Katsina ke cikin tsohuwar Jihar Kaduna, gwamnatin Balarabe Musa, wadda ta yi mulki daga 1979 zuwa 1981, ta kafa hukumar binciken filaye ta saurari koken talakawan da aka ƙwace wa gonaki. A yi irinta yanzu, tun sauran dattawan na da rai. A bi 'yan gudun hijira inda suke, a rubuta gonar kowa da maƙwabtanta huɗu, da ta mata da ta marayu, da wadda ke hannun jingina da nawa aka karɓa. A karanta rajistar da ƙarfi ran kasuwar Wagini, da Hausa da Fulatanci, mai ja ya ja a gaban jama'a. A fito da taswirar Dajin Rugu da burtalolinsa a liƙa a ƙofar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina. Kafin a gama wannan kuwa, a dakatar da ba kowa fili a duk inda aka tashi mutane.

Saura mu, 'yan'uwana ɗalibai. Ma'aunin da zai rubuta "ba kowa", da sakataren da zai buga hatimi, da lauyan da zai tsara takardar, duk daga azuzuwan nan namu za su fito, wasunsu ma 'ya'yan manoman nan ne. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta wajabta wa ofishin gwamnati ya amsa cikin kwana bakwai, ta kuma yarda wani ya rubuta a madadin wanda bai iya rubutu ba. A 2025 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan jihohi ma. Ina ba ƙungiyarmu shawara ta rubuta wa sakatariyar Batsari da ta Safana, ta nemi jerin duk filin da ya wuce hekta 50 da aka ba wani tun daga 2015, da sunan wanda aka ba da ranar da aka sa hannu. In sun amsa, mu buga amsar a fitowa ta gaba. In sun yi shiru, mu buga takardar tamu da kwanan watan da aka karɓe ta.